Hagun Maharazu

Maharazu yana tsugune a bayan ajin firamare ta Rano yana shafa ƙaro a yatsunsa don ƙwallo ta riƙa kama hannu, sai ya hango jakin mahaifinsa. Duk ƙasar Kibiya babu jaki irin wannan. Fari ne, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kuma a karkace yake tafiya kamar mai jin kunyar hanya. Malam Ishiyaku na bisa da malafarsa, abokinsa Mato tsohon soja na biye a ƙasa yana ta zuba zance, ba mai amsa masa. Maharazu ya dubi hannunsa na hagu da ya riga ya yi danƙo, ya goge shi a cinya, ya soma shafa wa na dama.

Ranar bikin 'yancin kai ce, a shekarar da aka ce motoci su bar hagu su koma dama. An kawo sabon wasan nan na ƙwallon hannu daga birni don mutanen ƙauye su gani. An share filin makaranta, an zana layuka da toka, an kafa gidaje biyu da azara. Ƙungiyar masaƙar da Maharazu yake yi wa wasa a Kano ce za ta kara da wata daga Zariya. A masaƙar sunansa yana cikin ma'aikata, amma hannunsa bai san zare ba, jifa kawai ake biyansa ya yi. Da wannan jifa ya je Kaduna da Jos, har Maraɗi da Damagaram ƙungiyar ta kai shi, kuma ko'ina ba a kiransa da sunan yanka. Bahago ake ce masa.

Wannan sunan kuwa bai taɓa tsallake Kwanar Dangora ya iso gida ba, domin gidansu yana da tarihi da hagu. Ƙanen Malam Ishiyaku ɗan dambe ne bahago a zamanin Turawa. Wata shekara da kaka, a filin damben Rurum, ya kai wa wani mahauci naushi ɗaya, mutumin ya kwanta bai tashi ba. Aka ɗaure ƙanen aka tafi da shi birni, daga can sai labarin rasuwarsa. Shi ya sa da Malam ya ga jaririnsa Maharazu yana kai hagu ga nono, yana kai hagu ga akushi, sai ya sa aka riƙa ɗaure masa hannun a ƙugu da tsumman rawani har ya yi wayo. Ran da zai bar gida zuwa birni, a ƙofar zaure, Malam ya faɗa masa magana ɗaya. Ya ce hagu ta tsarki ce da kawar da ƙazanta, duk ranar da ya ɗaga ta a gaban jama'a don wani abu ban da wannan, bai yafe ba.

A Kano Maharazu ya riƙa gaya wa ransa cewa jama'ar da Malam yake nufi ta Kibiya ce. Yau ga jama'ar Kibiya ta zo da ƙafarta.

Abdulganiyyu mai horar da su ya zagayo bayan ajin yana nemansa. Mutumin Ilori ne da aka haifa a Sabon Gari, Hausarsa tana gudu kamar ta 'yan kamasho. Ya nuna masa wani siririn mutum mai tabarau da ke zaune a kujera ƙarƙashin darbejiya. Ya ce wannan shi ne baƙon da aka aiko daga Ikko, shi yake tsintar waɗanda za su yi wa ƙasa wasa a Kwatano. Ya cike duk guraben sai ɗaya, na gefen dama, kuma yau zai koma. Ko Maharazu, ko Shitu na Zariya, wani ƙato da ke can yana miƙa a jikin azara. Abdulganiyyu ya ce shi da bakinsa ya jawo baƙon har Rano, ya rantse masa cewa zai ga hagun da bai taɓa gani ba.

Maharazu ya roƙe shi abu ɗaya, a gaya wa 'yan wasa kada kowa ya kira shi Bahago yau. Abdulganiyyu ya yi dariya, ya ce ko Sarkin Makafi yake so a kira shi za a kira, shi dai ya jefa.

Kafin a busa usur ya je ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. An shimfiɗa wa dattawa tabarmi a bakin layi, daidai gefen da zai tsaya. Malam Ishiyaku ya dubi gajeren wandonsa ya kawar da kai, ya ce Mato ne ya matsa masa, wai ɗansa ya zama abin kallo a birni, shi kuwa yana so ya ga irin aikin da ake biyan namiji ya yi da gwiwa a waje. Mato ya ce ai a soja ma da gajeren wando suka ci yaƙin Bama. Malam ya ce shi dai bai ga Bamar da aka kawo gida ba.

Aka fara. Mutanen Rano ba su san dokar wasan ba, amma sun gane ta da wuri: a kama ƙwallo, a miƙa wa ɗan'uwa, a yi tsalle kafin a taka layin tokar nan mai kama da rabin faifai, a jefa cikin gida. Mata suka tsaya daga nesa da tallan dafaffiyar gyaɗa a ka. Wasu Fulani da suka sauko daga duwatsu suka jingina da sandunansu suna kallo, ɗaya yana cewa langa ce ta masu kuɗi.

Ƙwallo ta farko da ta zo wa Maharazu, hagunsa ce ta tashi da kanta za ta tare. Ya danne ta, ya kama da dama, ya yi tsalle ya jefa. Ƙwallon ta wuce saman azara ta faɗa gonar dawa. Aka yi dariya. Ta biyu mai tsaron gidan Zariya, wani baƙin saurayi mai wushirya, ya cafe ta kamar an miƙa masa mangwaro, har ya ce masa an gode. Wanda yake gefen dama, in da dama zai yi jifa, gidan tsuke masa yake yi, ba ya ganin komai sai ƙirjin mai tsaro. Bahago ne kaɗai gidan yake buɗe wa baki daga can. Maharazu ya san wannan fiye da kowa a filin, amma duk sa'ad da ya juya sai ya ga malafar nan a gefen idonsa.

Shitu kuwa yana ta ɗura musu. Ba shi da dabara, ƙarfi ne kawai, amma ƙarfin yana shiga. Abdulganiyyu yana safa da marwa a bakin layi, yana kiran Maharazu da Hausa, yana zaginsa da Yarabanci. Baƙon Ikko ya sayi gyaɗa yana ɓarewa, ya ma juya kujerarsa ta fuskanci ɓangaren Shitu.

Hagun Maharazu ta yi nauyi a jikinsa kamar ba tasa ba. Yana jin yatsun suna motsi su kaɗai, suna lissafin inda ya kamata ƙwallo ta bi. Ya dunƙule su ya matse a haƙarƙari.

Dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ta kuɓuce masa, ta gangara ta tsallake layi ta tsaya a bakin tabarmar dattawa. Malam Ishiyaku ya sunkuya zai ɗauka, sai Mato ya tare hannunsa da sanda. Ya ce kada ya kuskura. Ya ce shi ya san abin nan tun a barikin Turawa, da idonsa ya ga hafsoshi suna wasa da irinta, kuma wani kuku ɗan Indiya ya rantse masa cewa da fatar alade ake ɗinka ta, shi ya sa ba ta tsufa. Maganar ta bi tabarmi kamar wutar kara. Dattawa suka janye ƙafafu, wani liman ya tattare bakin rigarsa. Sai da alƙalin wasa ya zo da kansa ya ɗauke ta.

Da aka busa hutu Abdulganiyyu ya ja Maharazu gefe. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagin tsoratarwa. Ya ce in an dawo ya ga jifa ɗaya da dama, zai fitar da shi ya sa wani, kuma in sun koma Kano ya je ya koyi saƙa da gaske. Ya tambaye shi ko hannun ciwo yake yi. Maharazu ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya tambaye shi to mene ne. Maharazu ya dubi wajen tabarmi kawai, domin ba a bayyana wa mutumin da ba ɗan gida ba abin da ake nufi da bakin uba a cikin ɗan hutun shan ruwa.

Suna nan sai ga Mato yana ɗingishi, ya ce Malam na kira.

Maharazu ya durƙusa a bakin tabarma, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Duk dattawan suka juyo suna kallo. Malam Ishiyaku ya ce ya miƙo hannu. Ya miƙa dama. Tsohon bai taɓa ba, ya dai sunkuya ya duba tafin: ƙaro, toka, jar ƙasa da gumin mutum goma sha huɗu, duk sun haɗu sun yi baƙi.

"Da wannan kake cin tuwo?"

"Da shi, Baba."

"Da shi ka gaisa da liman ɗazu?"

"Da shi."

Malam ya juya ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman shaidu, sannan ya dawo da idonsa kan ɗansa.

"Ashe duk tarbiyyar da na yi maka a banza ta tafi. Ka ji abin da Mato ya ce a kan fatar nan. Abu yana birgima a ƙasa, kowa yana tofa yawu a hannu yana dafa shi, kai kuma ka rasa hannun da za ka sa masa sai na cin abinci. Me aka ajiye hagu ta yi?"

Maharazu ya buɗe baki. Ya san fatar. Shi da kansa ya sha kai ƙwallayen ƙungiya wajen dukawa a Kasuwar Kurmi in ɗinki ya warware, kuma tsohon badukun ya taɓa shinshina ɗaya ya ce masa kirgin saniya ne, mai yiwuwa ma daga nan aka kai shi Turai aka dawo da shi da tsada. Maganar tana kan harshensa. Ya ga baƙon Ikko can yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa yana duban agogo. Ya haɗiye maganar, ya sunkuyar da kai.

"Kada in sake ganin damarka a jikin abin nan," in ji Malam. "Tashi."

Liman ya ce wannan gaskiya ne, haka shari'a ta tanada. Mato ya gyara zama yana shafa gemu kamar wanda ya ci gari.

Aka dawo. Ƙwallo ta zo, hagu ta tashi, wannan karon ba wanda ya danne ta. Maharazu ya yi tsalle daga can kusurwa, ya kwanta a iska har kafaɗarsa ta kusa taɓa ƙasa, hannun ya fita kamar bulala. Mai wushirya bai ma motsa ba, sai ƙarar ƙwallo ya ji a zanar da aka kafa bayan gida. Filin ya ɗauki ihu. Ta biyu ta bi tsakanin ƙafafunsa. Ta uku ta daki ƙasa ta yi kwana kamar wadda aka kira da suna. Wani daga cikin 'yan masaƙa ya manta da alkawari ya ƙwala kiran Bahago, yara da manya suka karɓa, sunan ya zagaye filin har gindin darbejiya. Baƙon Ikko ya miƙe tsaye, ya bar gyaɗarsa a kan kujera.

'Yan Zariya suka sa mutum biyu a kansa, Shitu ma ya dawo baya yana tare shi da ƙirji, yana ce masa ashe ɓoye hannun ya yi kamar mai satar kaza. Maharazu ya kewaye shi ya wuce. Jikinsa ya saki, yana jin iska a bayan wuyansa, ya ma daina ganin malafar.

Sai ya sami wata ƙwallo a guje, ya tashi sama da Shitu rataye a rigarsa, ya saki da dukkan ƙarfinsa. Mai tsaron gida ya fito ya tare hanya. Ƙwallon ta same shi a tsakiyar fuska. Ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi azara, ya zube, ƙafa ɗaya ta ɗan yi rawa ta tsaya.

Ihun ya mutu. Har kukan jakin Malam aka ji daga bayan aji. Alƙalin wasa ya ruga, 'yan Zariya suka kewaye ɗan'uwansu, wani yana kiran a kawo ruwa. Maharazu ya tsaya inda ya dira, hannun yana lilo a gefensa. Ya juya a hankali. Malam Ishiyaku yana tsaye a kan tabarma, malafar ta faɗi bai sani ba, leɓɓansa suna motsi. Ba filin Rano yake kallo ba. Duk tsohon da ke wurin ya san wane fili yake gani, domin wasunsu suna Rurum a waccan kakar.

Aka kwara wa yaron ruwa, shiru. Aka sake kwarawa. Wata mai tallan fura ta ajiye ƙwaryarta ta ɗora hannu a ka. Maharazu ya taka ya isa wurin ya tsuguna, ya rasa da wane hannu zai taɓa shi.

Sai mai wushirya ya yi atishawa. Ya buɗe ido, ya tofar da jini, ya lalubi haƙoransa da harshe, ya tambaya ko ta shiga. Aka ce ba ta shiga ba. Ya ce to alhamdu lillahi, a gaya wa ɗan Kibiya fuskar nan ko uwarsa ta gaji da ita, ba ƙwallo ba. Dariya ta ɓarke, irin wadda take fita da hawaye. Aka toshe masa hanci da auduga, ya ƙi fita, ya koma bakin gidansa yana tafa hannu.

Alƙali ya ce an riƙe Maharazu a sama, saboda haka yana da jifa daga shi sai mai tsaron gida. Ya miƙa masa ƙwallo. Maharazu ya karɓa da hannu biyu ya tsaya a kan ɗan layin toka. A gabansa ga fuska mai jini da auduga, a bayansa yana jin idon mahaifinsa a tsakanin kafaɗunsa. Ya jira ya ji an kira sunansa daga tabarma, an ce ya isa haka. Ba a kira ba. Da ya ɗan waiga sai ya ga Malam ya koma ya zauna, ya ɗauki malafarsa yana kakkaɓewa, bai dube shi ba, bai kuma hana ba.

Ya janye damarsa daga jikin ƙwallon ya mayar da ita bayansa. Usur ya yi kuka. Ya yi kamar zai ɗura, mai tsaro ya runtse ido ya baje, shi kuwa ya ɗaga ta a hankali ta bi ta saman kansa ta sauka cikin gida kamar kaza ta koma akurki.

Da aka tashi, baƙon Ikko ya kira shi. Ya tambayi Abdulganiyyu da Turanci me ya sa aka ɓata masa rabin wasa, Abdulganiyyu ya ce dabara ce ta ƙungiya, ba a nuna wa abokin gaba makami da wuri. Baƙon ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya ce Maharazu ya haɗa kayansa, da motar ƙungiya za su wuce Kano, daga can jirgin ƙasa zuwa Ikko. Shitu ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je, amma in ya dawo da fuskar wani ɗan Kwatano a aljihu ya ajiye masa.

La'asar ta yi sanyi, motar tana zafa inji a bakin hanya, 'yan wasa suna jefa jakunkuna a baya. Maharazu ya wanke hannuwansa a bakin rijiyar makaranta ya tafi bayan aji. Mato ya shiga gari neman taba, Malam Ishiyaku shi kaɗai ne, yana ɗaure wa jaki akumari. Maharazu ya durƙusa ya gaya masa an ɗauke shi, za a fita da shi waje ya yi wa ƙasa wasa. Malam ya ce Allah ya tsare, ya tambaya ko can ma da irin wannan ƙwallon ake yi. Ya ce da irinta. Malam ya ce to ya san abin da aka gaya masa.

Maharazu bai tashi ba. Abin da ya haɗiye ɗazu yana nan a ransa, kuma ya san in ya hau motar nan da shi, da shi zai riƙa tsalle a kowane fili.

"Baba, zancen fatar nan. Ni nake kai ta ɗinki wajen dukawa a Kurmi. Sun ce mini..."

"Dukawan sun je Bama?"

"Ba su je ba."

"Mato ya je." Malam ya ja igiyar akumari ya ƙulle, ya gwada ta da yatsa, duk bai ɗago kai ba. "Ni ban tambaye ka ba, kai ma kada ka sake tambayar kowa. Tashi, mutane na jiranka."

Direba ya danna ham. Maharazu ya miƙe, ya riƙe wa tsohon jaki har ya hau, sannan ya ruga wajen motar.